Ɗana Yana Son Barin Makaranta Saboda Wasan Sketbod

Wani bawan Allah da ke aikin kula da tsofaffi a Manchesta ta Ingila ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 16 ya ƙware a wasan sketbod, wato wasan gudu da tsalle a kan allo mai ƙananan tayoyi, har wani kanti ya fara ba shi allo da takalma kyauta. Yanzu yaron ya ce zai ajiye karatu ya zama ɗan wasa. 'Yan'uwa a Kano kuma suna cewa a dawo da shi gida tun bai lalace ba. Zaman yaron a ƙasar yana ƙarƙashin bizar mahaifinsa ne.

Malam, Allah Ya raya mana shi. Mu fara da takardu, domin nan ne hatsarin yake. A dokar shige da fice ta Birtaniya, wanda ke zaune a ƙarƙashin bizar aikin iyayensa yana iya yin kusan kowane aiki, amma an hana shi zama ɗan wasa mai cin abinci da wasa, an kuma hana shi aikin koci. Ma'anar da hukuma ta ba wa wannan tana da faɗi, ba sai mai albashi kawai ta shafa ba. Don haka kada yaron ya sa hannu a wata yarjejeniya, kada ya karɓi kuɗi, sai kun zauna da lauyan shige da fice mai rajista, kun nuna masa har kayan kyautar nan. Idan kuka samu izinin zama na dindindin, wannan takunkumi ya tashi. Batun barin karatu kuwa, a Ingila doka ta ce matashi ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya kai 18.

Sai maganar kuɗi. Wasan ba na banza ba ne, ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13, Sky Brown kuma ta ciyo wa Birtaniya tagulla. Amma abin daki-daki ne, matakin da ɗanka yake kai shi ne na farko: kaya kyauta, babu ko sisi. Daga nan kamfani ya ɗauki mutum da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai daga baya a buga sunansa a kan allo, yana samun wani kaso daga kowanne da aka sayar. Kuɗi mai kauri yana wajen kamfanonin takalma irin su Nike, Adidas da Vans, kuma ƙalilan ne ke kai wa can. Irin su Tony Hawk, wanda wasan kwamfuta mai sunansa da ya fito a 1999 ya azurta shi, ba a gina lissafin gida a kansu. Galibin 'yan wasan ba ma'aikatan kamfani ba ne, kwangila ce kawai, ranar da gwiwa ta samu matsala ana iya ƙin sabunta ta.

Abin da zan so ka nuna masa shi ne mutanen da ke kewaye da wasan: masu ɗaukar bidiyo da hoto, masu zanen kaya, masu gina filayen wasa, masu kanti. Kamfanin Palace na Landan, mai yin tufafi da kayan wasan, daga cikin 'yan sketbod ya taso. A Legas akwai irinsa mai suna Wafflesncream, a Akara an buɗe filin Freedom Skatepark a 2021. Idan ya karanta harkar bidiyo ko zane a kwaleji, yana nan cikin abin da yake so, kuma yana da sana'a a hannu.

Mayar da shi gida ban goyi baya ba. Doguwar tafiya na iya shafar takardun zamansa a Birtaniya, kuma yaron da aka raba da abin da yake ƙauna da ƙarfin tsiya yakan riƙe abin a zuci. Ka tura wa kakanninsa bidiyonsa tare da sakamakon jarrabawarsa, su ga duka biyun. Ka kuma je filin da kanka wata Asabar, ka san abokansa, ka gana da mai kantin, ka faɗa masa matsayin takardun yaron tun kafin ya zo muku da maganar kwangila.