Shirin shiga NDA: gudun asuba, azumi da ƙwayar hana gajiya

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Gwale, na cike NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, a JAMB. Abokan atisayena kan fita gudu tun kafin assalatu, sai gari ya waye suke dawowa. Sun ce in bar azumin Litinin da Alhamis, wani ma ya ba ni ƙwaya wai tana hana gajiya. Mene ne hukuncin wannan shiri?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗana, shirya jiki domin aikin tsaron al'umma halal ne, in niyya ta gyaru har da lada. Annabi (SAW) ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, Muslim ya ruwaito. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas kuma ta haɗa wa ma'aikaci sharaɗi biyu, ƙarfi da amana. Abokanka ƙarfin kaɗai suka riƙe.

Gudun da zai sa rana ta fito ba ka yi Asuba ba haramun ne, babu saɓani. Kuma ba ka ma buƙatarsa. Ka yi sallah cikin jam'i, ka fito da takalminka a shirye, kana da sa'a guda cur kafin zafin Kano ya taso. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta.

Fara da kilomita 2, kwana huɗu a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai 5. Wanda ya afka wa gudu mai nisa kullum a kan kwalta, da takalmin da tafinsa ya cinye, ciwon ƙwauri ne ke fara kama shi, in ya dage ƙashin na iya tsagewa, ya shafe makonni yana ɗingishi. Filin ƙasa ya fi sauƙi ga gwiwa. Hawan Dutsen Dala sau ɗaya a mako ya isa. Bayan gudu ka yi firesof, wato ka kifa kana ɗaga jiki da hannuwa, zubi uku, kana hutawa a tsakani. Wandonka ya rufe gwiwa, domin al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Ranar Juma'a ka huta, jikinka yana da haƙƙi a kanka.

Hantsi na karatu ne, musamman Lissafi da Turanci. Sai ka ci jarrabawar tantancewa kafin a kira ka Kaduna gaban kwamitin zaɓe, inda ake gwajin ƙarfi da na lafiya da ganawar baki. Matasa da yawa suna gina ƙwanji su bar littafi, a nan ake zubar da su. Bayan Isha'i ka ajiye waya ka kwanta, Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin hira bayanta. Mai atisaye yana buƙatar barcin sa'a bakwai zuwa takwas.

Azumin Litinin da Alhamis nafila ne, barinsa ba zunubi ba ne. Ni dai na fi son ka mayar da ranakun biyu na hutu ko tafiya mai sauƙi, ka riƙe abinka. Ramadan kuwa, atisaye ba uzurin shan ruwa ba ne. Ka mayar da gudun kamar sa'a biyu bayan buɗe-baki.

Ƙwayar nan ka mayar masa. Tiramol da danginta, ba tare da umarnin likita ba, haramun ne: suna taɓa hankali, suna kama mutum ya kasa bari, suna iya jawo farfaɗiya. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Ga kuma ha'inci, tunda ƙarfin da za ka nuna ba naka ba ne. Haka hukuncin rage shekaru a takarda, da ba wa wani kuɗi ya sa sunanka, domin an la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa.

Wallahu a'alam.