Amsa ga ɗan'uwan da zai ɗauki hoton ƙaramin biki a bakin tafkin tsauni

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don na san irin wannan fargabar. Ka ce ango da amarya ne kawai sai shaidu da mai ɗaura auren, a bakin tafki tsakiyar duwatsu, kuma kana tambaya wane lensi za ka riƙe. Zan zo kan lensi, amma bari in fara da abin da ya fi ƙona mini rai, wato lokaci.

Rana a cikin duwatsu ba ruwanta da agogon wayarka. Waya za ta ce faɗuwar rana ƙarfe kaza, alhali tsauni yana iya tare ta sa'a guda ko fiye kafin nan. Sai ka ga tafkin ya shiga inuwa, saman dutsen kuma yana ta haske, kamara ta rasa wanda za ta bi. Ka buɗe PhotoPills, manhajar waya mai nuna hanyar da rana ke bi, tun yanzu, ka duba ta ina ranar za ta ɓuya a wannan ranar. In kana da ta cewa, ka ja su zuwa sassafe. Da asuba ruwa yake kwanciya lumui, hoton dutsen ya fito a cikinsa; hantsi na yi iska za ta taso ta ɓata shi, kuma lokacin zafi hadari ya fi haɗuwa bayan azahar.

A wani biki irin wannan da na taɓa ɗauka, ni na tsara komai haka, har na rubuta wa ango da amarya. Sai ga wani mai bidiyo da suka ɗauko ba tare da sun gaya mini ba. Bawan Allah nan, har yau in na tuna shi raina yakan ɓaci. Ya zo a makare, ya sa muka zauna jiransa, amarya tana rawar sanyi cikin siririyar riga, shi kuwa yana ta haɗa ƙarafunansa kamar ba abin da ya dame shi. Na yi masa magana cikin mutunci, ya ce shekarunsa a sana'ar sun fi nawa. To, na yi shiru. Da aka zo sa zobe, abin da ba a maimaitawa, sai ya tako ya tsaya a gabana ƙiƙam. Ƙeyarsa na ɗauka! Ban gama haɗiye wannan ba, ya tayar da jirginsa mara matuƙi a wurin da aka hana, ƙararsa ta rufe muryar ango, ma'aikacin gandun dajin da tafkin yake ciki ya iso ya dakatar da mu. Kafin a gama ba da haƙuri iska ta taso, hasken ya yi tsauri. Ko "yi haƙuri" bai ce mini ba. Kuma ni amarya ta kira daga baya tana tambaya ina hoton zoben.

Saboda haka ka tambaye su yau: akwai wani mai kamara ban da kai? In akwai, ku yi magana, ku raba wurin tsayawa. Ka tambayi takardar izini ma. A mafi yawan wuraren shaƙatawa na ƙasa (national parks) na Amurka ko ƙaramin biki yana bukatar izini, kuma tun 2014 aka hana tayar da irin wannan jirgin a cikinsu. Tafkin Moraine na Kanada ma tun 2023 ba a barin motar kai ta hau hanyarsa. Kowane wuri da dokarsa.

Sanyi kuma kada ka raina shi. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Celsius, kuma sanyi yana cinye batir da sauri. Ka sa na ajiya a aljihun ciki, kusa da jikinka. Ka riƙe wa amarya bargo. Leɓe in ya yi shuɗi ba gyaran kwamfuta da zai mayar da murmushi.

Lensi: 35mm don labarin wurin, sai 70-200mm. Ka ja baya da nisa ka zuƙo su, dutsen zai taso a bayansu ya cika hoton. Mai faɗi sosai yana mayar da tsauni ɗan tudu. Kada ka loda wa kanka kaya, da ƙafa za ka hau, numfashi kuma yana wuya a sama. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kamara ba ta matse ba, ka auna haske da farar rigar, don in haske ya ƙone ta a hoto ta tafi ke nan, inuwa kuwa ana iya ɗago ta. In za ka sa filtar rage ƙyalli, ka juya ta a hankali, don tana iya share hoton dutsen da ke cikin ruwan gaba ɗaya. Katin ajiyar hoto biyu a kamara, don Allah. Ka sauke taswira a waya kafin ka tashi, sabis zai ɗauke.

Af, ka sa sharaɗin canja rana a yarjejeniya saboda ruwan sama. Ka gaya mana wane wata ne bikin, kuma gabas tafkin yake kallo ko yamma, sai in ce maka ƙarfe nawa za ku tsaya.