Amsa ga 'yar'uwar da aka turo wa alƙaluma kan masu sikila

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, amma sai da zuciyata ta ɗan lafa na iya rubutu. Kin ce an turo miki wani rubutu mai cewa masu SS, wato masu sikila, ba sa daɗewa a duniya, har da alƙaluma, kina so ki san ko tabbataccen abu ne ko ƙididdiga ce kawai, kuma mene ne bambancinsu. Ni ma an taɓa jefa mini irin wannan lamba, baki da baki, 'yata tana kwance tana ji.

Tabbataccen abu shi ne wanda za a duba a ce e ko a'a. Gwaji ya nuna ɗanki SS ne. PCV ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, na wannan watan kaza ne. Saifarsa ta kumbura ko ba ta kumbura ba. Ƙididdiga kuwa mutane da yawa aka tara, a wani wuri, cikin wasu shekaru, aka ƙirga abin da ya same su, sannan aka dunƙule shi ya zama lamba ɗaya. Lambar tana iya zama gaskiya tsantsa a kan waɗancan mutanen, amma ɗanki ba ya cikin waɗanda aka ƙirga, kuma ba da sunansa aka fitar da ita ba.

Ranar tawa, ciwon ya tashi mata ne cikin dare, a ƙafa da baya, lokacin tana firamare. An yi ta neman jijiya don a sa mata ƙarin ruwa, an huda bayan hannu, an koma gwiwar hannu, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Na riƙe mata kai ina roƙon a bi a hankali. Sai matar da ke sa allurar, tana cikin yanka filasta, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce mini: "Ki daina ɗaga hankalinki haka, irin waɗannan ai ba sa wuce shekara 20." Wallahi haka ta faɗa, kamar tana gaya mini ƙarfe nawa. Ta manna filastar, ta gyara gudun ruwan, ta wuce gado na gaba. Na kasa cewa uffan. Har yau ina tuna ƙarar almakashinta. Ban san ko ta ɗauka lallashi take yi ba, ban san ko gajiyar aikin dare ce ba, na nema mata uzuri iri-iri ban samu wanda ya zauna mini ba. Tambayata gare ta ita ce: kina sanye da kayan aiki, duk abin da ya fito bakinki hukunci ne a kunnen mai jinya, ta yaya za ki yanke wa 'yar mutane wa'adi a gabanta? Ke kika halicce ta?

Na ɗauka azabar ciwo ta hana yarinyar ji. Bayan an sallame mu, ina ba ta folik asid da safe, sai ta ce: "Mama, saura shekara nawa in kai 20?" Daga nan ta watsar da karatu, wai me amfaninsa. Mun daɗe kafin mu cire mata wannan magana a rai. Ita wadda ta faɗa kuwa, na tabbata kafin gari ya waye ta manta da mu.

Wani likitan jini ne ya warware mini daga baya, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce duk lambar da aka ba ni, in tambaya: su wa aka ƙirga, a ina, a wace shekara? A Amurka, farkon shekarun 1970, ƙiyasin tsawon ran mai sikila wajen shekara 14 ne. A 1994 aka wallafa wani babban bincike kan marasa lafiya fiye da 3,700, ya nuna shekara 42 ga maza masu SS, 48 ga mata. A 2010 wani bincike a birnin Dallas ya nuna kusan kashi 94 cikin 100 na yaran SS da ake kula da su suna kai shekara 18. Cutar ba ta canja ba, jinin shi ne dai jinin, kulawa ce ta canja sai lambar ta bi ta. Kasancewar ɗanki SS ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara haka.

Ita ma 42 ɗin, ki fahimci yadda aka same ta. Ta tsakiya ce, wato in an jera mutanen daga wanda ya rasu da wuri zuwa wanda ya fi daɗewa, wanda ya faɗo a tsakiyar layi shi aka ɗauka. Rabinsu sun wuce nan, wasu sun wuce da nisa. Masu tura irin waɗannan rubuce-rubuce ba sa faɗin wannan rabin.

Kada kuma ki ce na ce a watsar da ƙididdiga. Inda babu asibiti kusa, babu rigakafi, babu jinin ƙari, yara suna mutuwa da wuri, mu a nan babu wanda bai san wannan ba. Kuma ƙididdiga ce ta gano abin da ke cetonsu. A 1986 aka kwatanta ƙananan yaran da ake ba penisilin kullum da waɗanda ba a ba, aka ga mummunar cutar ƙwayoyin nimoniya da ke shiga jini ta ragu da kashi 84 cikin 100. Uwa ɗaya da ɗa ɗaya ba za ta taɓa iya ganin wannan da idonta ba, sai an tara yara da yawa. Haka maganin haidroksiyuriya, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998, daga baya aka faɗaɗa zuwa yara. Tawa tana sha, tashin ciwon ya ragu sosai, amma ki bari likitansa ya yanke, don sai ana bibiyar jini.

Tunda ana maganar lamba, akwai wadda ta fi ƙona mini rai, ta kashi 25. In uba da uwa AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba su da cutar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Wata a dangin mijina ta yi ta nanata mini cewa tunda mun sami ɗaya, uku na gaba lafiya za su zo. Ba haka ba ne, kowane ciki da lissafinsa, na baya ba ya rage wa na gaba komai. Akwai masu 'ya'ya huɗu babu SS ko ɗaya, akwai masu uku a jere. Abin da zai gaya miki na jaririnki shi ne gwajin jininsa.

Ki sami littafi ki riƙa rubuta na ɗanki: PCV na kowane zuwa, ranar da ciwo ya tashi da abin da ya tayar da shi, sanyi ne ko rashin shan ruwa ko zazzaɓi. In zafin jiki ya kai digiri 38.5 a ma'aunin Celsius kada ki jira gari ya waye. Ki tambaya ko ana yin hoton jijiyoyin kai na TCD, daga shekara 2 ake farawa, don gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kuma don Allah ki goge wannan rubutu daga wayarki kafin yaron ya iya karatu ya gani. Wanda ya turo miki, ki gaya masa kai tsaye ya daina, ko da babba ne.

Shekarar ɗan naki nawa yanzu, kuma an fara masa penisilin? Ki gaya mana, akwai waɗanda nasu suke tsararsa a nan. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya.