Zazzaɓin da ya ƙi sauka da ƙurajen yatsa ga mai ciwon bawul ɗin zuciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ce, shekarunta 22, muna Gadarif. Tun tana ƙarama aka ce bawul ɗin zuciyarta ya taɓu, tana karɓar allurar fenisilin duk wata. Yau fiye da wata guda zazzaɓi ya ƙi sauka, ga gumin dare, ga rama. An yi maganin maleriya, an yi na taifot. Yanzu wasu ƙuraje masu zafi sun fito a kan yatsunta, fitsarinta ya yi duhu. Gwaggonmu ta ce ɗan karkare ne, a kai ta a tsaga. Hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada a tsaga, kada kuma a kwana. Ki kai ta babban asibiti yau, ki ce wa likita a duba ko ƙwayoyin cuta sun zauna a bawul ɗin, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya. Ita ce cutar da muke kira endokadaitis. Allurar wata-wata tana hana zazzaɓin rumatizim, mai lalata bawul, dawowa ne, ba ta tare wannan.

Ƙurajen da kika faɗa sun yi kama da ƙulutun Osler: ƙanana, a tsokar kan yatsa, taɓawa kaɗan sai mutum ya zabura, bayan 'yan kwanaki su ɓace da kansu. Galibi babu mugunya a ciki, rigimar garkuwar jiki ce da ƙwayoyin cutar ta taru a ƙananan jijiyoyi. Idan wannan rigimar ta sauka a ƙoda, sai jini ya biyo fitsari. Ki buɗe tafin hannunta da na ƙafa a hasken rana, ki nemi ɗigo-ɗigo masu duhu, shafaffu, marasa zafi, su ne tabon Janeway. Ki duba ƙarƙashin farce ko akwai siraran layuka kamar sartse, ki ja fatar idonta ta ƙasa ko za ki ga ɗigon jini. Matanmu na nan Sudan ba sa rabo da lalle, ga fatarmu baƙa, shi ya sa alamun ke wuce likita mai gaggawa. Kar a sake yi mata ƙunshi yanzu. Kuma marasa lafiya kaɗan ne ke nuna su, rashinsu ba ya wanke mutum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan taifot ɗin. Duk zazzaɓin da ya wuce mako, sai a garzaya a yi gwajin Widal, takarda ta ce akwai, shi ke nan an rufe magana. Gwajin nan yana nuna akwai ga wanda ya taɓa yin cutar tuntuni, da mai maleriya, har da lafiyayye sumul. Daga nan sai saidaliyya, wato kantin magani: mai kanti ya ƙirgo kafso na kwana 5, zazzaɓi ya lafa, dangi su ce Alhamdulillahi, bayan mako ya dawo, a canza wani kafson. Ƙwayoyin cutar kuwa suna lulluɓe cikin dunƙulen jini a kan bawul, gajeren magani ba ya cin su. Ɓarnar da kafson ke yi ita ce ya ɓoye mana su: mu ɗebi jini don mazra'a, wato gwajin renon ƙwayoyin cuta, babu abin da zai tsiro, mu rasa wane magani za mu ba. Haka ake kawo mana yarinya bayan wata 2, bawul ya huje, ko wani guntu ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Sannan a ce iska ce ta buge ta. Wace iska? Wanda ya sayar da kafso ba tare da tambayar ko tana da ciwon zuciya ba, ya ji tsoron Allah, rai ne a hannunsa.

A asibiti za a ɗebi jini sau 3 kafin a fara kowane magani, a yi hoton eko na zuciya, a gwada fitsari. Idan tana shan ɗanyar madara ki faɗa, domin maltiyya, zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi ta ɗanyar madara, ita ma tana kama bawul. Maganin endokadaitis allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6, wani lokaci sai an yi tiyata.

Ki tattara kwalayen duk magungunan da ta sha ki tafi da su, tare da katinta na zuciya. Idan numfashi ya fara yi mata wuya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Allah ya ba ta lafiya.