Tun da maigidana ya rasu na kasa addu'a

TAMBAYA: Mama sannu da aiki. Wata bakwai kenan da rasuwar maigidana, ya barni da yara uku ga haya ga kuɗin makaranta, in na durƙusa zanyi addu'a sai kuka kawai, har majami'a na daina zuwa. Anya Allah bai yi fushi dani ba? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

AMSA: Wayyo 'yata, sannu kinji, Ubangiji ya ta'azantar dake. Bai yi fushi dake ba sam. Yesu da kansa yayi kuka a kabarin Li'azaru, duba Yohanna 11:35, alhali yasan zai tashe shi. Kuma Romawa 8:26 tace in mun rasa abinda zamu roƙa Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da baya faɗuwa, to kukan nan naki ya isa gabansa.

Wanda nafi so ki karanta shine 1 Sarakuna 19, Iliya fa annabi guda ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, amma Allah ko faɗa bai masa ba, mala'ika ya aiko da gurasa da ruwa har sau biyu, yaci yayi barci tukuna aka yi magana. Kema kici abinci dan Allah, ki samu barci.

Batun haya kuma kar ki ɓoye, kije wajen shugabar zumuntar mata ko matar fasto ki faɗa musu gaskiya. Ran Lahadi ki koma sujada ko a bencin baya ne, in waƙa ta gagara ki zauna shiru abinki. Ki sake rubuto min bayan wata ɗaya.