Kayan fata zuwa Agadas: kada ka ci bashi saboda 'yan yawon buɗe ido

Malam, ka tambaya ko ka ci bashi ka sari jakunkuna da takalman fata a nan Sakkwato ka kai Agadas, tunda ka ji ana cewa Turawa masu yawon buɗe ido na saye da tsada. Shawarata ita ce kada ka yi. Waɗanda suka ba ka labarin nan zamanin da ya wuce suke tunawa. Tun tawayen Buzaye na 2007 baƙi suka ja baya, kuma ko shigar da tsohon garin cikin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda suke a da ba. Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 ya ƙara dagula lamarin. Shi mai yawon buɗe ido, da zarar ƙasarsa ta gargaɗe shi, fasa tafiya yake yi, ko da garin na zaune lafiya.

Ni kaina na ɗanɗana. Ina da kaya a hanya aka rufe iyakar Illela da Ƙonni, ba a buɗe ba sai Maris 2024, fatar ta bushe ta tsattsage, mai bashi kuwa kullum yana ƙofar gida. In dai lallai sai ka je, tafi da kuɗinka na kanka, kaya kaɗan, irin wanda mutanen gari ke sawa, ka daidaita tafiyar da Sallah ko bikin Bianou, wato bikin gargajiya da ake yi a Agadas duk shekara. Mutanen garin ne za su saya, amma da farashin gida.