Amsa ga Malam Sani: Marfin Filas da Kofin Tangaran

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam Sani, na ji tambayarka ina kan hanyar Argungu, sai yanzu na samu zama. Ka ce mi ya sa kofin tangaran ke ƙona hannu in an zuba shayi, amma marfin tsohon filas ɗin nan, mai kama da itace mai laushi, sai dai ya yi ɗumi, alhali duka biyun ana cewa suna jure zafi.

To, juriyar ce ba iri ɗaya ba. Wanga marfi sunansa kok, ɓawon wata bishiya ne, kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Sai itacen ya kai shekara 25 ake fara ɓare shi, daga nan kuma duk bayan shekara 9, ba a sare shi. Cikinsa ƙananan ɗakuna ne cike da iska. Su ne ma masanin kimiyya Robert Hooke ya hango da madubin ƙara girma a 1665. Iskar nan ita ce sirrin. Zafi ba ya samun hanyar wucewa da sauƙi. In ka matsa kok ya lotsa ya dawo, shi ya sa yake kama bakin filas gam. Jefa shi a kogin Matan Fada na Argungu, sai ya yi ta yawo bisa ruwa kamar gorar masunta, don nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa ba.

Tangaran kuwa, ai yumɓu ne da aka gasa da wutar da ta haura digiri 1,200 har ya haɗe ya zama kamar dutse. Ya fi ruwa nauyi fiye da ninki biyu, nutsewa zai yi. Wuta ba ta cinsa, dubi farin nan na jikin fulogin mashin ɗinka, shi ma dangin tangaran ne, kullum yana cikin zafin inji. Amma zafi na ratsa shi, shi ne kake ji a yatsa. Kuma ba ya lanƙwasa, ya faɗi ƙasa sai tarwatse.

Don Allah, ga wanda ya ce zai shimfiɗa kok kusa da murhu: kada ka yi, harshen wuta zai babbaka shi. Tayil ka sa a nan. Kok ɗin ka ajiye shi ƙarƙashin tukunya mai zafi in an sauke. Na gode, sai na ji ku.